Iyakar Tsimi a Wurin Gwanjo: Martani Ga Mai Ganin Kowace Araha Riba Ce

Makalar da wani marubuci ya wallafa kwanan baya game da sayen kayan lantarki na hannu a wurin gwanjo ta zo a lokacin da jama'a ke da buƙatar irin wannan tattaunawa, domin tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da kuma sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, farashin sabon firiji da firiza da injin wanki ya yi tashin da ya sa magidanta da yawa suka haƙura da shiga kantunan sababbin kaya. Marubucin ya gina matsayinsa a kan hujjoji huɗu: cewa kayan gwanjo suna zuwa a kan rabin kuɗin sabo ko ƙasa da haka, cewa tsofaffin kayan Turai sun fi sababbin da ake shigowa da su yanzu ƙarko, cewa babu wata matsalar da masu gyaran ƙasar nan ba za su iya magancewa ba, sannan cewa sake amfani da tsohon kaya hidima ce ga muhalli. Daga nan ya yanke hukuncin cewa duk wanda ya sayi sabo alhali ga gwanjo, to ya yi almubazzaranci ne kawai don neman suna.

Adalci ya wajabta a fara da amincewa da abin da ke daidai a cikin maganarsa. Kasuwar kayan hannu ta rufa wa miliyoyin mutane asiri, tun daga kasuwar Alaba da ke Legas har zuwa shagunan Sabon Gari a Kano, kuma akwai gidaje masu yawa da ba za su taɓa mallakar fanka ko talabijin ko keken ɗinki ba in ba ta wannan hanya ba. Haka kuma gaskiya ne cewa wasu sababbin kayan da ke cika kasuwa a yau ba su da ingancin da farashinsu ke nunawa. Inda marubucin ya kauce shi ne inda ya mayar da abin da yake daidai a wasu lokuta ya zama ƙa'idar da ba ta da togiya, ya kuma haɗa saye a shagon ɗan kasuwar da aka sani da saye a wurin gwanjo kamar abu ɗaya ne, alhali tsakanin biyun akwai tazara mai faɗi ta fuskar gwaji da mayarwa da sanin tarihin kaya.

Asalin kuskuren yana cikin yadda ya fahimci tsimi. Tsimi shi ne tattalin dukiya ta yadda kowace naira za ta biya buƙata mafi girma da za ta iya biya, wanda hakan ke nufin ana auna shi ne da jimillar abin da kaya zai ci a tsawon zamansa a gida, wato kuɗin saye da na ɗauko shi da na gyara da na wutar da zai sha, a raba wannan jimilla da yawan shekarun da zai yi yana aiki. Wanda ya tsaya a kan kuɗin da ya miƙa ranar ciniki kawai ya ƙirga kaso ɗaya ne daga cikin huɗu. Aya ta 67 a cikin Suratul Furƙan ta yabi bayin da suke tsayawa a tsakani wajen ciyarwa, ba su yin ɓarna kuma ba su yin ƙwauro, kuma ɗaya daga cikin darussan da ke cikin wannan yabo shi ne cewa matse hannu fiye da kima shi ma karkata ce daga daidai. Marubucin ya ga gefen ɓarna sosai, amma bai lura cewa akwai ƙwauron da ƙarshensa ɓarna ce ba.

Firiji shi ne misalin da ya fi fito da wannan batu fili, saboda yana cikin kayan gidan da ke aiki dare da rana matuƙar akwai wuta. Ƙasar Ghana ta yi wannan lissafi a matakin ƙasa, inda Hukumar Makamashi ta ƙasar ta gano cewa matsakaicin firijin da ke gidajen jama'a, waɗanda akasarinsu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai, yana shan kimanin ma'auni 1,200 na wuta a shekara, wato ninki uku ko fiye na abin da sabon firiji mai inganci ke sha. Ma'aunin da ake nufi a nan shi ne wanda mita ke ƙirgawa, wato wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 za ta sha cikin awa ɗaya. Wannan ne ya sa Ghana ta kafa doka a 2008 da ta haramta shigo da tsofaffin firiji, haramcin ya fara aiki gadan-gadan a 2013, ta kuma haɗa shi da shirin rangwame ga wanda ya miƙa tsohon firijinsa ya karɓi sabo. Idan aka ɗauko wannan lissafi zuwa Najeriya, inda a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni kafin a ɗan sassauta shi, za a ga cewa bambancin ma'auni 800 a shekara, ko da a kan naira 200 aka ƙaddara shi, ya kai naira 160,000. Cikin shekara biyu kacal, rarar da mai saye ya yi murnar samu ranar gwanjo tana iya komawa aljihun kamfanin wuta baki ɗaya.

Mai goyon bayan marubucin zai iya cewa mafi yawan gidaje ba a rukunin A suke ba, wasu ma ba su da mita, kuma wutar ba ta zuwa da yawan da za ta kai wannan adadi. Wannan magana tana rage girman lissafin ga wasu gidaje, amma tana ƙara shi ga wasu, domin inda wutar gwamnati ta yi ƙaranci a nan ne ake komawa ga janareta da sola, waɗanda kowane ma'auni nasu ya fi tsada. Tsohon kwamfuresa, wato injin da ke matsa iskar sanyi yana zagaya da ita cikin bututun firiji, yana jan wuta mai yawa a lokacin tashi, ta yadda ƙaramin janareta kan kasa ɗaukarsa, mai sola kuma sai ya ƙara faranti da batura kafin ya iya riƙe shi. Bugu da ƙari, inda wuta ke zuwa na 'yan awoyi kawai, abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarfin firiji na riƙe sanyi bayan an ɗauke ta, wanda ya dogara da lafiyar soson da ke cikin bangonsa da robar bakin ƙofarsa, kuma waɗannan biyun suna cikin abubuwan da tsufa ke lalatawa a ɓoye.

Hujjar ƙarko ita ce wadda ta fi shiga zuciyar masu saye, saboda kowa ya san gidan da tsohon firiji ya shekara ashirin yana aiki. Sai dai ƙarkon na'ura yana tare da yanayin da aka ƙera ta dominsa. A jikin kowane firiji akwai wata 'yar takarda ko faranti, galibi a baya ko a cikin bangon ciki, da ke nuna ajin yanayinsa da haruffa: mai alamar N an tsara shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, mai ST yana jure har 38, mai T kuwa har 43. Yawancin firijin da aka yi wa kasuwar arewacin Turai a shekarun baya suna ajin farko ne, alhali a Kano da Sakkwato da Maraɗi zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Firijin da aka kai shi yanayin da ya fi ƙarfinsa ba ya samun hutawa, kwamfuresarsa na ta aiki ba yankewa, wanda ke ƙara shan wuta yana kuma gajarta rayuwarsa. Kayan Amurka kuma suna da tasu matsalar, domin an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120 da ke juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar kuwa tana kusan 230 ne tana juyawa sau 50. Taransifoma tana gyara bambancin ƙarfi, amma ba ta gyara bambancin juyawa, don haka injin yana tafiya a hankali kuma yana ƙara zafi.

Akwai kuma tambayar da marubucin bai yi wa kansa ba, wato dalilin da ya sa mai kayan na farko ya rabu da shi. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin wannan matsala a wata makala da ya wallafa a 1970 game da kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya kasance cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2001. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne cewa idan mai sayarwa ya san aibin kaya amma mai saye bai sani ba, to mai saye ba zai yarda ya biya fiye da matsakaicin farashi ba, wanda hakan ke sa masu kaya nagari su janye daga kasuwar, marasa kyau su yawaita a cikinta. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya nuna girman abin a aikace, inda aka ƙiyasta cewa ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, mafi yawansu an cusa su ne cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su, akasari daga tashoshin Turai, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki ko kaɗan. Tsohon firijin da ya shekara ashirin a gidan wani shi ne wanda ya tsira, kuma ba a ganin 'yan uwansa da suka mutu cikin wata shida saboda tuni 'yan jari-bola suka farfasa su.

Duk waɗannan matsaloli suna tare da kayan hannu a ko'ina aka saye su, amma gwanjo yana ƙara musu nauyi saboda yana cire kariyar da mai saye yake da ita a shago. Ɗan kasuwar da ke da rumfa a wuri sananne yana tsoron ɓata sunansa, yakan bar mai saye ya gwada, sau da yawa kuma yakan yarda da kwanakin mayarwa. A gwanjo kuwa, ko na hukumar kwastan ne, ko na ma'aikatar da ke rabuwa da tsofaffin kayanta, ko na kamfanin da ya rufe, sharaɗin da aka saba shi ne ana sayar da kaya a yadda yake kuma a inda yake, babu mayarwa. In ma an ba da damar gwaji, yawanci jona wuta ne na minti biyar: injin ya yi ƙugi, mai saye ya sa tafin hannu a bangon firiza ya ji ɗan sanyi, shi ke nan an gamsu. Wannan gwaji ba ya nuna ko firijin zai kai sanyin da ake buƙata, ko na'urar da ke yanke wuta idan sanyi ya isa tana aiki, ko kuma akwai ɗan ƙaramin huji a bututu da iskar sanyi za ta zurare ta cikinsa cikin mako uku. Sanin waɗannan yana buƙatar a bar shi yana aiki na awoyi, a duba bayan firijin ko akwai danshin mai ko tabon walda a kan bututu, a kuma rufe ƙofa a kan takarda a ja a ga ko robar tana riƙewa. Inda aka hana wannan, abin da ya rage cinikin biri a sama ne.

Ita kanta hanyar tayi tana da tasirin da ke rushe tsimi. Wasu injiniyoyin man fetur uku a Amurka sun lura a 1971 cewa kamfanonin da ke cin gwanjon filayen haƙar mai sukan samu riba ƙasa da yadda suka zata, dalili kuwa shi ne idan mutane da yawa suna ƙiyasin darajar abin da babu wanda ya san haƙiƙaninsa, wanda ya fi kowa tayi shi ne galibi wanda ya fi kowa wuce gona da iri a ƙiyasinsa. A kan wannan sai a ƙara zafin gasa, inda mutum ya zo da niyyar tsayawa a wani adadi, amma ganin wani ya ɗara shi da 'yan dubbai a gaban jama'a sai ya ƙara, har ya manta da la'adar mai gwanjo da kuɗin dako da na gyara da ke jiransa. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan rauni. Sun halatta cinikin ƙarin tayi, amma hadisai ingantattu sun haramta najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani ya biya da yawa. Haka nan shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa, kuma malaman Malikiyya ba su ɗauki sharaɗin kuɓuta daga aibi a matsayin mafaka ga wanda ya san aibin ya yi shiru ba. Wannan kulawa da shari'a ta yi tana nuna cewa wurin yana da santsi, kuma mai shiga ba tare da iyaka a zuciyarsa ba yana jefa dukiyarsa cikin haɗari.

Game da hujjar gyara, babu mai musun ƙwarewar masu gyaran firiji da injin wanki a ƙasar Hausa, waɗanda suke raya na'urorin da a wasu ƙasashe tuni aka zubar. Amma iya gyara abu ɗaya ne, dacewar gyaran da aljihu kuma wani abu ne daban. Firijin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 galibi yana amfani da iskar R-12, wadda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tsara daina samar da ita saboda illarta ga lulluɓin sararin samaniya da ke tare zafin hasken rana mai cutarwa, kuma wa'adin daina amfani da ita a ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. Zuba wata iska a madadinta ba tare da canza man kwamfuresa ba yana kashe injin sannu a hankali. Na baya-bayan nan kuma da yawansu suna amfani da R-600a, wadda take kama wuta, saboda haka gyaranta yana buƙatar hankali da kayan aiki na musamman. Injin wanki na zamani kuwa ƙwaƙwalwarsa tana kan wani allon lantarki ne, wanda in ya ƙone kuma kamfanin ya daina yin samfurin, sai dai a jira a samu mataccen irinsa a ciro. Idan aka haɗa canjin kwamfuresa da cika iska sau biyu da kuɗin kai da kawowa, sau da yawa jimillar tana kusantar kuɗin sabo mai takardar garanti.

Akwai kuma rukunin kayan da lissafin kuɗi ma bai isa ya yanke hukunci a kansu ba, saboda aibinsu yana taɓa rai. Tukunyar gas tana da wa'adi, wanda ƙa'idar Najeriya ta ƙayyade a shekara 15, kuma sabon fenti yana iya ɓoye tsatsar da ta ci gindinta. Murhun gas mai yoyo, da tukunyar dumama ruwa da na'urar yanke wutarta ta lalace, da duk na'urar da wayoyin cikinta suka bushe suka tsattsage, ba sa ba da sanarwa kafin su yi ɓarna. Gobarar dogon benen Grenfell a Landan a watan Yuni na 2017, wadda ta ci rayuka 72, bincike ya nuna ta faro ne daga matsalar lantarki a wani firiji da ke ɗakin girki. Idan hakan na iya faruwa a ƙasar da ake sa ido a kan kayan lantarki, to gidan da wutarsa ke hawa da sauka, aka kuma jona masa na'urar da ba a san tarihinta ba, ya fi cancantar taka tsantsan.

Hujjar muhalli ma tana da iyakarta. Tsawaita rayuwar kayan da ke da sauran ƙarfi alheri ne, amma ɗauko na'urar da ta kusa mutuwa daga ƙasar da ke da masana'antun sarrafa shara zuwa ƙasar da ake ƙona waya a fili don a ciro tagulla, sauya wa shara mazauni ne kawai. Najeriya ta ɗanɗana wannan tun 1988, lokacin da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko, kuma irin wannan lamari na cikin abin da ya haifar da Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 kan safarar shara mai haɗari. Abin da marubucin bai ambata ba shi ne cewa tsofaffin firiji da firiza da na'urorin sanyaya ɗaki da kwamfuresa suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su, wanda ke nufin da yawan waɗanda ke kasuwa sun shigo ne ta hanyar da babu wanda ya tantance lafiyarsu.

Abin da ya sa wannan batu ya wuce muhawarar marubuta shi ne wanda hasarar ke faɗawa kansa. Mai hali idan ya yi rashin sa'a a gwanjo zai ɗaga kafaɗa ya sayi wani. Amma matar da ta kwashi adashinta ta sayi firiza don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a watan azumi, idan injin ya tsaya a mako na biyu, ta rasa jari, ta rasa kayan da ke ciki, ga zubin adashi yana jiranta kowane mako. Shawarar da ke cewa kowane gwanjo riba ne tana ɗora haɗari mafi girma a kan wanda ya fi kowa rashin ƙarfin ɗaukarsa, kuma marubucin da ke neman kare talaka ya kamata ya fi kowa jin nauyin wannan.

Saboda haka matsayin da ya fi dacewa shi ne a sa wa gwanjo iyakoki bayyanannu. Kayan da aibinsu ke bayyana ga ido kuma gyaransu ke da sauƙi, kamar fanka da keken ɗinki da dutsen guga da kujeru da kabad na ƙarfe, sayensu na hannu hikima ce. Kayan da aibinsu ke ɓoye a cikin rufaffen inji, kamar firiji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki, ba a sayensu sai an duba ajin yanayi da ƙarfin wuta da nau'in iska, an tafi da mai gyara amintacce, an kuma sami damar gwaji na awoyi. Kayan da aibinsu ke iya kashe mutum, musamman tukunyar gas, barin su ya fi. Kafin a shiga tayi kuma, mai saye ya san farashin sabo, ya cire la'ada da dako da gyaran da ake tsammani da ƙarin kuɗin wuta, ya tsayar da adadin da ba zai haura ba ko da wa ya ɗara shi, kuma kada ya sa kuɗin da rasa su zai durƙusar da gidansa. Wanda ya bi waɗannan sharuɗɗa zai ci moriyar gwanjo sau da yawa, zai kuma koma gida hannu wofi a wasu lokuta, kuma wannan komawar tana cikin tsimin da makalar ta yi niyyar koyarwa amma ta bar shi a baya.